HARAJIN MAI SANA'A A CIKIN GIDA

An shirya wannan bayani ne domin Hakimai da malaman da ke aiki a ƙarƙashinsu. Ko da ya ke tattara haraji ya fita daga hannun Hakimi da daɗewa, har wa yau talaka in abu ya shige masa duhu, ƙofar Hakimi ya kan nufa, malamin ofis kuwa shi a kan kawo wa takarda ya karanta ya fassara. Ga shi kuma an sami sabuwar doka. Ran 26 ga Yuni 2025 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan dokoki huɗu na haraji, babbarsu, watau Dokar Haraji ta Nijeriya, ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026. Wannan doka ta shafi tela mai ɗinki a zaure, da baduku, da mai injin markaɗe, da matan da ke soya ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula ko haɗa turaren wuta a bayan katanga. Saboda haka wajibi ne wanda za a tambaya ya san amsa.

Asalin Abin

Ɗora haraji a kan sana'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa akwai kuɗin ƙasa, da jangali, da kuɗin rafi, da kuɗin karofi. Matafiyin nan Bajamushe, Barth, wanda mutane suka sani da Abdulkarim, da ya shiga Kano a 1851 ya rubuta cewa ana karɓar wuri 700 a kan kowace rijiyar rini, ya ce kuma rijiyoyin sun fi 2,000 a cikin birni kaɗai. Da Gwamna Lugga ya kafa mulkinsa sai ya yi doka a 1906 wadda ta nemi haɗa ƙananan kuɗaɗen nan su zama haraji ɗaya. A 1911 tsarin Baitulmali ya kafu, kuɗi suka riƙa bi daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa Hakimi, har su kai hannun Ma'aji. A zamanin En'e a kan yanka wa gari jimlarsa, sa'an nan dagaci da dattawa su raba wa magidanta gwargwadon ƙarfin kowa, don sun san wanda gonarsa ta yi kyau, sun kuma san wanda keken ɗinkinsa ba ya hutawa.

Wannan tsari ya wuce. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi a madadin En'e, a 1979 kuma Gwamna Abubakar Rimi na Kano da Gwamna Balarabe Musa na Kaduna suka soke haraji da jangali a jihohinsu. Abin da ya rage shi ne harajin da a ke ɗorawa bisa abin da mutum ya samu a shekara, wanda dokar 1993 ta tsara, aka yi mata gyara a 2011, sa'an nan dokar 2025 ta maye gurbinta. Hukumar tattara kuɗin shiga ta jihar da mutum ya ke zaune ita ke karɓarsa. Bambancin da ya kamata a lura da shi ke nan: a da dattawan gari ke kimanta mutum da ido, yanzu kuwa mutum shi zai faɗi abin da ya samu, ya kuma nuna shaida. Wanda ya iya nuna shaida shi ke samun sauƙi.

Riba A Ke Bi, Ba Ciniki Ba

Kuskuren da ya fi yawa a bakin mutane shi ne zaton cewa dukan kuɗin da ya shiga hannun mai sana'a za a yi wa haraji. Ba haka ba ne. Kowane ɗan kasuwa ya san bambancin uwa da riba, doka ita ma ta san shi. Sai an cire abin da aka kashe wajen neman kuɗin, sa'an nan a dubi abin da ya saura.

Abin da ya saura ɗin kuma ba dukansa ne a ke taɓawa ba. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu ko kwabo. Naira 2,200,000 da ke biye a kan ɗauki 15 cikin 100. Naira 9,000,000 da ke bayan waɗannan 18 cikin 100. Daga nan abin ya kan hau zuwa 21, da 23, har ya tsaya a 25 cikin 100 ga abin da ya haura Naira 50,000,000, amma waɗannan matakai na sama ba safai za su shafi mai sana'ar gida ba. Sai a lura, hawan nan kamar na tsani ne. Wanda ribarsa ta kai Naira 900,000 ba a kan dukan 900,000 zai biya ba, a kan 100,000 da suka haura ne kaɗai, watau Naira 15,000 a shekara. Don haka babu dalilin da zai sa mutum ya ƙi karɓar aiki wai don kada ya tsallake iyaka.

Amma fa 800,000 ɗin nan sau ɗaya a ke bai wa mutum, ba kowace sana'a da nata ba. Malamin makaranta mai albashi wanda ke da firji a gida yana sayar da ƙanƙara, za a haɗa albashinsa da ribar ƙanƙara a yi musu lissafi ɗaya. In albashin ya riga ya cinye rangwamen, to, ribar ƙanƙara daga Nairar farko ta shiga haraji.

Abin Da A Ke Cirewa

Ƙa'idar guda ɗaya ce: a kan cire kuɗin da aka kashe ɗungum domin sana'ar, ba domin wani abu dabam ba. Ga wanda ke da shago a kasuwa wannan ba shi da wuya, gama shago dabam, gida dabam. Ga mai sana'a a cikin gida kuwa nan ne gizo ke saƙa, domin rufi ɗaya ne, mitar wuta ɗaya ce, aljihun da kuɗin zare ke fita shi ne aljihun da kuɗin cefane ke fita.

Akwai abubuwan da babu gardama a kansu. Zare da shafi da maɓalli na tela, fata da rini na baduku, gyaɗa da itace da kuɗin niƙa na mai ƙuli-ƙuli, duk kayan sana'a ne. Haka ladan yaran da ke taya aiki, da gyaran keke ko inji in ya lalace, da kuɗin motar zuwa sari da dakon kaya, da kuɗin da aka biya hukuma don rajistar wurin sana'a. Akwai kuma waɗanda doka ta hana a fili. Cefane, da kuɗin makarantar yara, da ɗinkin Salla na iyali, da gudunmawar biki ko suna, duk hidimar gida ce, ba a cire ta ko da kuwa daga cinikin ranar aka ɗauka. Tarar da aka ci mutum don ya karya doka ita ma ba a cire ta. Zakka kuwa hakki ne a kan dukiyar mutum, ba tsadar sana'a ba ce, ba ta kuma cikin jerin abubuwan da doka ta ce a cire.

Tsakanin waɗannan biyu akwai abubuwan tarayya, watau waɗanda gida da sana'a ke ci tare, su ne haya, da wuta, da man janareta, da ruwa, da waya. Hanyar da ta dace ita ce a raba su bisa wani ma'auni da mai hankali zai yarda da shi. In gidan haya ne mai ɗaki shida, aka ware ɗaya don aiki, to, kashi ɗaya cikin shida na haya na sana'a ne. In janareta na aiki awa shida a rana, huɗu don keke, biyu da dare don fanka da fitila, to, kashi biyu cikin uku na mai na sana'a ne. Abin da a ke bukata shi ne mutum ya zaɓi ma'auninsa, ya rubuta shi a farkon littafi, ya tsaya a kansa shekara da shekaru. Wanda bana ya ce rabin gida na sana'a ne, baɗi ya ce kashi uku cikin huɗu ne alhali gidan bai sake ba, shi ya jawo wa kansa bincike.

Zaure yana da ɗan rikici. Tela na ɗinki a cikinsa da rana, da almuru kuma nan mai gida ke cin tuwo da maƙwabta, wani lokaci nan almajirai ke kwana. Wanda ya ce dukan zauren na sana'a ne ya yi ƙari, wanda ya ce ba kome na sana'a a ciki kuwa ya cuci kansa. Raba shi biyu ya fi kusa da gaskiya. Wanda ke zaune a gidan kansa ko na gado ba shi da hayar da zai cire, gama bai biya kowa ba; amma in ya gyara rufin ɗakin aiki da ke yoyo, ko ya yi masa daɓe, wannan gyara ya shiga lissafi.

Sai kuma kayan da iyali suka ci daga sana'a. Mai man gyaɗa ta kan zuba wa miyarta daga kwalbar da ta tatsa, tela ya kan yanka wa ɗansa riga daga yadin da ya saro. Ba laifi ba ne, sai dai gyaɗar da ta tafi tukunyar gida ba ta sana'a ba ce, ya kamata a rage ta daga kuɗin kayan da za a cire. Haka ladan 'ya'ya. In ɗan mai gida yana aiki ana biyansa da gaske, kamar yadda za a biya bare, a rubuta. In kuwa abinci da sutura kaɗai ya ke samu, kamar sauran 'ya'ya, ba lada ba ne.

Bashi hanji ne, in ji Hausawa, a sana'ar gida kuwa ya fi yawa, don masu saye maƙwabta ne da dangi. Doka ta yarda a cire bashin ciniki da ya tabbata ya mutu, misali wanda aka bi ya rasu bai bar kome ba, ko ya ɓace. Bashin da mutum ke jin kunyar tambaya bai mutu ba tukuna. Rancen da aka bai wa ɗan'uwa don ya yi aure kuwa tun asali ba na sana'a ba ne.

Kayan Aiki Masu Daɗewa

Keken ɗinki, da injin markaɗe, da firji, da janareta ba kamar zare ba ne da ke ƙarewa a mako. Shekaru su ke yi suna aiki, don haka ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekarar da aka saya. A kan raba shi, a riƙa cire wani kashi kowace shekara. A ƙarƙashin dokar 2025 injuna da kayan aiki 20 cikin 100 ne a shekara, mota kuwa 25, gini 10. Keken Naira 1,000,000 ke nan zai riƙa rage wa mai shi Naira 200,000 daga ribarsa kowace shekara har wajen shekara biyar.

A nan akwai wani sharaɗi sabo da ya kamata malamai su ja hankalin mutane a kai. Kayan da ya kamata a biya musu harajin saye da sayarwa, wanda a ke kira VAT, mai 7.5 cikin 100, ko kuɗin kwastan, amma ba a biya ba, doka ba ta yi musu wannan rangwame. Wanda ya sayi inji ta bayan fage don araha, babu rasit, ya sami sauƙin rana ɗaya, ya rasa na shekara biyar.

Bayan an gama da sana'a akwai wasu abubuwa da a ke cire wa mutum shi kansa. Su ne kuɗin da ya zuba a asusun fansho, da asusun gidaje na ƙasa, da inshorar lafiya, da inshorar rai, da kuɗin ruwan bashin da ya ci don gina gidan da ya ke zaune a ciki. Sai rangwamen haya, wanda sabo ne: 20 cikin 100 na hayar da mutum ya biya a shekara, amma kada ya wuce Naira 500,000. Wannan ya zo ne a madadin rangwamen bai-ɗaya da dokar 2011 ta kawo, wanda aka soke. Yawancin masu sana'ar gida rangwamen hayar nan kaɗai zai shafe su, shi ma sai da shaidar biya daga mai gida.

Misali

A ɗauka ga wani tela mai ɗinki da surfani a gidan haya mai ɗaki shida, haya Naira 600,000 a shekara. Abin da ya shigo masa na ɗinki a shekara Naira 4,800,000. Littafinsa ya nuna ya kashe kamar haka:

Zare, shafi, maɓalli da sauransu: 900,000
Ladan yara biyu, kowa 40,000 a wata: 960,000
Wuta da mai, kashi biyu cikin uku na 720,000: 480,000
Gyaran kekuna: 60,000
Waya da kuɗin mota na aiki: 100,000
Hayar ɗaki ɗaya cikin shida: 100,000
Jimla: 2,600,000

In an cire 2,600,000 daga 4,800,000 saura 2,200,000. A shekarar nan ya sayi keken surfani na Naira 1,000,000, za a cire masa 200,000, saura 2,000,000. Hayar sauran ɗakuna biyar da iyali ke ciki ita ce 500,000, kashi 20 cikin 100 nata 100,000 ne, saura 1,900,000. An ɗauki 500,000 ne ba 600,000 ba, domin ɗakin aiki an riga an cire shi a sama, abu ɗaya kuwa ba a cire shi sau biyu. To, 800,000 na farko ba haraji. Ragowar 1,100,000 a kan 15 cikin 100 ya ba da Naira 165,000. Harajinsa ke nan na shekara, watau Naira 13,750 a wata in yana ajiyewa kaɗan-kaɗan.

Da a ce a kan dukan 4,800,000 aka yi lissafin, ba a cire kome ba, da ya kama Naira 654,000, kusan ninki huɗu. Ratar da ke tsakanin adadin nan biyu ba wani abu ya kawo ta ba illa littafi da rasit.

Sana'ar Mata

A zamanin En'e magidanta maza a kan rubuta a littafin haraji a yawancin ƙasashen Sarakuna, shi ya sa har yanzu wasu na zaton doka ba ta san da sana'ar mata ba. Ta sani. Kowane mutum da lissafinsa, mace da nata, miji da nasa. Ba a ɗora ribar mata a kan ta miji, kowace mata kuma tana da nata rangwamen 800,000. Wannan ya yi daidai da abin da aka saba, cewa dukiyar mace tata ce.

A aikace, mata da yawa ba za su biya kome ba. Mai ƙuli-ƙulin da ta yi cinikin Naira 1,500,000 a shekara, ta kashe 1,050,000 a gyaɗa da itace da niƙa da gishiri da leda, ribarta 450,000 ce, ba ta ma kusa da iyaka ba. Ya kamata Hakimai su sa masu unguwanni su bayyana wannan sarai, domin jita-jita ta fi saurin shiga gidaje fiye da sanarwa, tsoro kuwa ya kan sa mace ta rage sana'a ko ta daina ajiya a banki ba gaira ba dalili. Akwai dai matan da sana'arsu ta girma, masu sayar da atamfa da kayan ɗaki da turare ta waya har zuwa wasu jihohi. Waɗannan hukuncinsu ɗaya da telan da aka ambata.

Game da banki, ba kowane kuɗi da ya shiga asusun mutum ne riba ba. Kwasar adashi, da rance, da kyautar ɗan'uwa, da kuɗin da aka aiko a ba wani, ba ɗaya daga cikinsu da ke ribar sana'a. Sai dai in sun cakuɗe da kuɗin ciniki a asusu ɗaya, rarrabe su bayan shekara aiki ne ja. Mafita ita ce asusu biyu, ɗaya na sana'a, ɗaya na gida. Naira 50 da a ke cirewa in an aika Naira 10,000 ko fiye wani haraji ne dabam, na hatimi, ba shi da alaƙa da wannan.

Littafi Da Rasit

Ba a bukatar akanta. Littafin makaranta mai layi ya isa: shafin dama abin da ya shigo, shafin hagu abin da ya fita, kowanne da kwanan wata da dalili, a rubuta a ranar. Da boko ko da ajami, muddin ana iya karantawa a fassara wa ma'aikaci. Wanda bai iya rubutu ba ɗansa ɗan makaranta ya isa ya riƙe masa. Rasit kuwa a soke su a waya ko a zuba a gwangwani, wata-wata. A kasuwannin ƙauye ba a ba da rasit in an sayi tiyar gyaɗa ko kan itace, wannan sananne ne. A nan rubutun da aka yi a ranar, da sunan kasuwa da farashi, shi ne madogara. Saƙon banki da ke shigowa waya shi ma shaida ne. Doka ta ce a adana waɗannan har shekara shida.

Wanda ba shi da littafi fa? Doka ta ba da iko a yi masa ƙiyasi, bisa ƙa'idodin da Ministan Kuɗi ke tsarawa da shawarar hukumar haɗin gwiwa ta masu tattara haraji. Ƙiyasi yana da sauƙi, amma ba ya sanin shekarar da gobara ta ci kaya, ko wadda mai sana'a ya kwanta ciwo wata uku. Mai littafi kuwa in ya yi hasara zai nuna ta, a ɗauke masa ita zuwa shekara ta gaba a cire daga ribar sana'ar.

Akwai wani abu da ya kan ruɗa masu yi wa hukuma ko kamfani aiki. Telan da ya yi wa wata ma'aikata ɗinkin kayan ma'aikata zai iya tarar an rage wani abu daga kuɗinsa, an ce haraji ne. Wannan kuɗi bai ɓata ba, kafin alkalami ne. Ya nemi takardar shaidar cirewa, ranar lissafi a rage masa shi daga abin da zai biya. Wanda bai karɓi takardar ba ya kan biya sau biyu.

Rajista, Wa'adi, Da Ƙara

Kowane mai sana'a ana bukatar ya sami lambar haraji, ga mutum ɗaya kuwa lambar katin ɗan ƙasa ita ce tushenta. Kowace shekara, kafin ƙarshen watan Maris, zai kai wa hukumar jiharsa bayanin abin da ya samu a shekarar da ta wuce, ba sai an aiko masa ba, ko da kuwa lissafi ya nuna ba zai biya kome ba. Tarar da doka ta sa tana da nauyi. Rashin rajista Naira 50,000 ne a watan farko, 25,000 kowane wata bayansa. Rashin kai bayani Naira 100,000 a watan farko, 50,000 kowane wata bayansa. Telan da ke cikin misali, in ya yi sakaci wata uku, tararsa ta kai 200,000, ta fi harajin kansa. Wanda ya bi ƙa'ida kuwa yana da ikon karɓar takardar shaidar biyan haraji, wadda a kan nema wajen kwangila da wasu mu'amaloli da gwamnati.

Kuɗin rumfar kasuwa da na shago da makamantansu, waɗanda dokar 1998 ta sa a hannun ƙananan hukumomi, dabam su ke da wannan haraji. Kowane iri ne dai, kada mai sana'a ya ba kowa kuɗi sai da rasit na hukuma mai ɗauke da sunanta, ya fi kyau kuma a biya ta banki. Hakimi da malaminsa ba su da ikon yanka wa kowa wannan haraji ko karɓarsa. Aikinsu shi ne wayar da kai, da taimakon wanda bai iya karatu ba, da sanar da hukuma in wasu sun shigo gunduma suna karɓar kuɗi ba bisa ƙa'ida ba.

In an aiko wa mutum takardar abin da zai biya ya ga an yi masa yawa, yana da kwana 30 daga ranar da ta iso hannunsa ya rubuta ƙin yarda. A nan ne aikin malami ya fi amfani. Takardar ta faɗi adadin da aka yanka, da adadin da mai sana'a ya yarda da shi, da dalilin bambancin, a haɗa da kwafin shafukan littafi da rasit. Kuka da rantsuwa ba sa cikin abin da hukuma ke dubawa. Hukuma tana da kwana 90 ta ba da amsa. In amsar ba ta gamsar ba, sai a ɗaukaka zuwa kotun ƙararrakin haraji, wadda ke zama a Kaduna domin jihohin arewa maso yamma, a Bauchi domin arewa maso gabas, a Jos domin arewa ta tsakiya. Dokokin 2025 sun kuma kafa ofishin sauraron koke-koken masu biyan haraji, inda a ke kai ƙarar ma'aikacin da ya muzguna wa mutum ko ya yi masa jinkiri. Malami ya rubuta kwanan watan da takarda ta iso a bayanta tun ranar da aka kawo masa, ya ajiye kwafin duk abin da aka aika, ya kuma sa wanda ya kai ya karɓo hatimin ofis a kan kwafin.